Motar Turbo Ba Ta Son A Yi Mata Rowar Mai

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi magana da matasanmu masu yi wa mota gyare-gyare don ta ƙara gudu, da kuma 'yan'uwana makanikai da ake kai wa aikin. Ni bakanike ne a Kaduna, tun zamanin kafireto nake cikin sana'ar nan, lokacin da kunne da sukundireba suka ishe ka saita mota. Yau kuwa motoci masu turbo, wato na'urar da ke cusa wa injin ƙarin iska, sun shigo mana, irin su Golf GTI da Mercedes C250 da Lexus NX200t da Accord ta 2018 mai injin lita 1.5. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, duk wanda ya shigo gareji maganarsa ɗaya ce, a rage mata sha. Wasu ma biyu suke so a haɗa musu, ta ƙara ƙarfi kuma ta rage sha. A injin turbo, mai wannan buri sauke injin yake nema bai sani ba.

Fetur yana ƙonewa daidai ne idan kilo 14.7 na iska ya haɗu da kilo 1 na mai, kuma a haka mota ke zama a sulo da tafiyar cikin gari. Amma da zarar ka danne totur, turbo ta fara cusa iska, injin yana son mai fiye da haka, wajen 11.5 zuwa 12 na iska ga 1 na mai, domin rarar man ce ke sanyaya cikin silinda. Idan iska ta rinjayi mai a wannan lokacin, zafi ya hau, wutar ta daina ci a tsanake ta koma fashewa, sai ka ji wata 'yar ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wanda ya ƙure rediyo ba zai ma ji ba. Daga nan sai karyewar ringi ko narkewar gefen fistin.

Kwanakin baya ɗan wani maƙwabcina ya kawo mini motarsa mai injin lita 2. Ya cire akwatin matatar iska na asali ya sa mai buɗaɗɗen baki da faffaɗan bututu, an fasa masa indomin salansa, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, sannan an ɗora wa kwamfutar motar wani saiti da ya saya ta intanet. Wutar cek injin ta kama, sikana, na'urar da muke jonawa da kwamfutar mota don gano matsala, ta nuna lambar P0171, wato iska ta yi wa mai yawa. A garejin da ya fara zuwa an canza masa sensar salansa, mai auna iskar da ta rage a hayaƙi, da filogi, aka goge lambar, ya biya ya tafi. Ba a yi nisa ba wutar ta dawo. Ai dole ta dawo, domin sensar nan gaskiya ta faɗa, ita kuma aka kora.

Abin da na fi so makanikai su ji shi ne, sikana ba don karanta lamba da gogewa kaɗai aka yi ta ba. Tana nuna yawan man da kwamfuta ke ƙarawa don ta cike giɓi. Idan ƙarin ya wuce kashi 10 cikin ɗari, akwai magana. Sai ka duba lokacin da yake hawa. In a sulo ya fi yawa, yana sauka idan ka ba ta wuta, to iska ce ke satar hanya ta tsagaggen tiyo ko gaskit ko robar bawul ɗin numfashin injin, kuma hura hayaƙi cikin bututu zai nuna maka wurin. In kuwa a sulo lafiya lau, sai an ɗora mata nauyi yake hawa, to ko mai ba ya isa, ko sensar auna iska tana rage lissafi. A duba salansa ma, don huji kafin sensa yana sa ta ga iskar da ba daga injin ta fito ba.

Ta yaron nan irin ta biyun ce. Da na zaro sensar iska, na tarar man da ake shafa wa sabuwar matatar ya haɗu da ƙurar hunturu ya yi mata dafifi. Ga kuma babbar matsalar: sensar nan ɗan samfurin iska kawai take aunawa, kwamfuta ce ke lissafa sauran bisa faɗin bututun da kamfani ya sa. Ka ɗauke ta daga bututu mai faɗin milimita 70 ka kai ta mai 76, iskar da ke wucewa ta ƙaru da kusan kashi 18 cikin ɗari ba tare da kwamfuta ta sani ba. Muka wanke sensar da maganinta, ba da fetur ba, muka mayar da ita gidanta na asali.

Duk da haka da muka hau baifas muna kallon matsin mai, yana kaiwa sama sai ya faɗi. Ragar famfon da ke cikin tanki ta toshe, matatar mai kuma ba wanda ya san ranar da aka canza ta. Na ce masa, “Yaro, a ina kake shan mai?” Ya ce, “Wallahi Baba, wani lokaci wajen 'yan bumburutu, na dubu biyar-biyar.” Wato kullum tanki a ƙasa, famfo yana zuƙar datti yana ɗaukar zafi, alhali man da yake nutse a ciki shi ne ke sanyaya shi. Ba mu manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan methanol. Shi wannan sinadari wajen kilo 6.4 na iska kawai kilo 1 nasa yake bukata, saboda haka ko nozil ya fesa adadin da ya saba, cakudar ta riga ta tsinke, iska ta rinjayi mai.

Saitin intanet ɗin nan kuwa na sa an cire shi, ya yi ta ɓata rai. Wanda ya rubuta shi bai san man da muke sha ba, bai san zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri da ke haura digiri 40 ba, bai kuma ga famfon motar da ta shekara goma sha tana aiki ba. Ban hana kowa ƙara wa motarsa ƙarfi ba, ni ma na yi ƙuruciya. Amma kafin a ƙara iska a tabbatar famfo da nozil za su iya, a ɗaura agogon auna cakuda mai faɗin ma'auni, a yi saitin a kan ita motar da man da za ta riƙa sha. Wanda kuma wutar cek injin ɗinsa ta riga ta kama, ya daina danne totur har sai an auna. Ya sa a zaro filogi ya gani da idonsa: in bakin ya yi fari fat, zafi ya yi yawa; in kuma akwai ɗige-ɗige masu ƙyalli a jiki, fistin ne ya fara zuba.

Ina kuma kira ga shugabannin ƙungiyoyinmu na makanikai su shirya wa yaran gareji bita kan karanta alƙaluman sikana, ko da sau ɗaya a wata ne, ranar da ba a cika aiki ba.

Na gode. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani bakanike daga Kaduna