Kafin a biya kuɗin cin abincin dare a kan kogin Nilu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ya zama kamar wajibi ga duk ɗan ƙasarmu da ya sauka Alƙahira, wato yawon cin abincin dare a cikin jirgin ruwa a kan kogin Nilu. Mutanenmu da ke zuwa Masar neman magani, ko kai 'ya'ya karatu, ko saro kaya, da wuya su kwana uku ba a tallata musu wannan yawo ba, kuma da yawa daga cikinsu suna miƙa kuɗi ba tare da sun san abin da suka saya ba. Ni ma haka na miƙa nawa, lokacin da na raka mahaifiyata aikin gwiwa tare da ƙanwata, shi ya sa nake ganin ya zama hakki a kaina in faɗi abin da na gani.

Ba na cewa kada a je. Kogin ya cancanci a gan shi, kuma da dare ya fi kyau. Ƙorafina shi ne yadda masu yi mana jagora, waɗanda galibinsu 'yan uwanmu ne masu jin Hausa, suke sayar mana da yawon a dunƙule, su ce kawai “za a ci abinci a kan ruwa, za a ga gari”, su yi shiru a kan sauran. Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama, amma a wannan harka cinikin da ake yi ke nan kullum.

Wanda ya yi mana tafinta a asibiti shi ya kawo maganar, bayan likita ya ce Hajiya za ta iya fita ta ɗan taka. Ya ce da ni, “Alhaji, ai ba a zuwa Masar a koma ba a hau Nilu ba, ka bar Hajiya ta sha iska.” Na tambaye shi kuɗi, ya faɗa da dala, na biya na mutum uku. Sai a bakin jirgi na ga farashin da aka rubuta da fam ɗin Masar, na lissafa, na tarar kusan ninki biyu na bayar. Wannan bai dame ni sosai ba, domin duk mai jagora yana da ladan wahalarsa, ko da yake da ya faɗa mini nasa daban na jirgi daban da ya fi kyau. Abin da ya dame ni ya zo ne bayan mun zauna.

Motar da ta ɗauke mu ta zo kafin magariba, muka shiga cunkoson Alƙahira wanda duk wanda ya je ya sani, aka kira salla muna kan hanya, kuma da muka isa gaɓar Giza aka ce mu yi sauri jirgi zai tashi. Aka shigar da mu wani babban zaure mai sanyin na'ura, tagoginsa na gilashi a rufe, fitilu masu launi suna walƙiya ta ko'ina, har idan ka dubi taga ba abin da kake gani sai fuskarka da ta maƙwabcinka. Aka ba mu tebur dab da dandamali, wai don girmama Hajiya. Abincin an jera shi ne a gefe guda, kowa ya ɗauki faranti ya ɗibi abin da yake so, kuma a nan Hajiya ta fara sakin jiki, domin ta tarar da abubuwan da ta sani da sunayen da ba ta sani ba. Miyar da suke kira mulukiyya ta ɗanɗana ta ce ai lalo ne, abin da suke kira bamiya kuɓewa ce, tahina kuwa riɗi ne aka niƙa, ga gurasa mai zafi, ga kuma karkade, wanda ba wani abu ba ne illa zoɓo. Ta yi ta mamakin yadda aka yi nisan duniya haka amma tukunya ɗaya ce. Abin sha, har da ruwan kwalba, ba ya cikin kuɗin da muka biya, wannan ma sai da aka kawo takardar biya muka sani.

Muna cikin ci aka ƙure lasifika. Da farko wani mawaƙi ne ya fito, sannan wani saurayi mai rawar da suke kira tannura, sanye da wani faffaɗan siket mai launuka, yana juyawa wuri ɗaya na tsawon lokaci ba tare da jiri ya ɗebe shi ba. Wannan rawa asalinta daga juyin 'yan ɗariƙa take, kuma gwaninta ce ta gaske, har Hajiya ta ce Allah ya tsare shi kada ya faɗi. Bayansa ne wata mata ta fito da shigar da ba zan siffanta a jarida ba, tana rawar karkaɗa ƙugu, tana bin tebur tebur, mai hoto yana biye da ita yana ɗaukar ta tare da baƙi don ya sayar musu da hoton daga baya. A teburin da ke bayanmu kuma kwalaben giya ne a jere. Mahaifiyata, wadda ta haura shekara 70, ta ajiye cokali, ta ja mayafinta ta rufe fuska, ta ce da ni a hankali, “Kai yaron nan, ina ka kawo ni?” Ban taɓa jin kunya irin ta wannan dare ba, ga ƙanwata a gefe ta sunkuyar da kai, ga jirgi a tsakiyar ruwa babu halin fita.

Dole in yi wa Misirawa adalci a nan. Masu jirgin ba su ɓoye komai ba, hoton mai rawar yana manne a bakin ƙofa, kuma baƙin da suka zo daga Turai da Asiya da wasu ƙasashen Larabawa abin da suka biya su gani ke nan. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Matsalarmu ita ce ba a gaya mana rariya ce ba, kuma wanda ya ƙi gaya mana ya san tarbiyyarmu sarai, ya san abin da dattijuwar Bahaushiya za ta iya zama ta kalla da abin da ba za ta iya ba. Baƙo ko da ido makaho ne, shi ya sa yake kama sandar ɗan gari, kuma idan ɗan garin ɗan uwansa ne amanar ta ƙara nauyi.

Wani ma'aikaci mai raba abinci ne ya cece mu. Ya lura da halin da muke ciki, ya matso ya ce, “Ya Hajja, fauƙ, fauƙ,” yana nuna sama. Ashe akwai bene a buɗe wanda kusan ba kowa a kansa. Muka riƙa Hajiya a hankali ta hau matakala da sandarta, ya kawo mata kujera, ya shimfiɗa mana ƙyallen tebur mai tsabta, ya nuna mana alƙibla, wadda a Alƙahira kudu maso gabas take, ba gabas ba kamar yadda muka saba a gida. Muka rama magariba muka haɗa da isha'i, kiɗan yana tasowa daga ƙarƙashin ƙafafunmu kamar daga wani gari.

Sai a lokacin muka ga abin da muka zo gani. Iska mai sanyi tana kaɗawa daga arewa, ruwan baƙi ƙirin yana ɗauke da hasken dogayen gine-gine na gaɓa biyu, ƙananan jiragen haya masu ado da fitilu suna wucewa cike da iyalai, gadoji kuma maƙil da mutane, wasu suna shan shayi, wasu sun zura ƙugiya suna kamun kifi. Daga can arewa ana hango Hasumiyar Alƙahira a tsibirin Jazira, mai tsayin mita 187, wadda aka kammala a 1961 zamanin Jamal Abdul Nasir. Hajiya ta daɗe tana kallon ruwan, sannan ta tambaye ni ko wannan ne kogin da mahaifiyar Annabi Musa, alaihis salam, ta saka jaririnta a akwati. Na ce shi ne. Ta yi salati, ta yi shiru, kuma daga nan ba ta ƙara maganar abin da ya faru a ƙasa ba.

Abin da ya fi ba ni takaici, Edita, shi ne jirgin ya ratsa gefen tsibirin Rauda, kuma ba wanda ya buɗe baki ya gaya wa baƙi ko kalma ɗaya a kansa. A ƙarshen tsibirin ta kudu akwai wani ɗan gini mai tsinin rufi da ake kira Miƙyasun Nil, ma'aunin kogin, wanda aka gina a shekarar 861 bisa umarnin halifa Mutawakkil na Abbasiyawa. Rijiya ce mai matakala, a tsakiyarta akwai ginshiƙin marmara da aka yi wa zane kamu kamu, ruwan kogi yana shiga ta ƙasa. Idan cikar shekara ta kai kamu 16 sai gari ya yi murna, domin an san gonaki za su sha, kuma da wannan awo hukuma take tsayar da harajin manoma. Idan ta gaza, an shiga fargabar yunwa. Ma'aunin ya daina aiki tun da aka tare cikar kogin, musamman bayan kammala babbar madatsar Aswan a 1970, amma ginin yana nan. Wanda ya fito daga ƙasar da ake duban sama a jira damina ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane abin da wannan ginshiƙi yake nufi ga mutanen da ba su da damina sai ta wasu, tunda mafi yawan ruwan daga tsaunukan Habasha yake gangarowa, ya haɗu da Farin Nilu a Khartum, ya ratsa hamada kafin ya iso. Shi ya sa ma madatsar da Habasha ta fara ginawa a 2011 ta hana Misirawa barci.

A wannan tsibiri ne kuma Shehu Jalaluddini Suyuɗi ya keɓe kansa a ƙarshen rayuwarsa yana rubutu, har ya rasu a 1505. Shi ne ɗaya daga cikin Jalalu biyun da ake jan tafsirinsu a masallatanmu duk watan azumi, kuma shi ne ya aiko wa sarakunan ƙasar Takrur, wato yankinmu na Afirka ta Yamma, wasiƙar nasiha, ya ambaci Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas, yana yi musu gargaɗi a kan adalci ga talakawa. Ni Bakatsine ne, kuma na wuce ta gefen unguwar wannan malami ana kiɗa, ba don na taɓa jin labarin a zauren karatu ba da ban san inda nake ba. Da na gaya wa Hajiya, cewa ta yi mu karanta masa Fatiha. Masu yi mana jagora da yawansu ɗaliban ilimi ne, wasu ma a Azhar suke, masallacin da tun ƙarnoni da suka wuce yake da ɓangaren kwanan ɗaliban Barno, sun fi ni sanin waɗannan abubuwa nesa ba kusa ba. Da za su sayar mana da wannan ilimi, wallahi da mun biya da farin ciki, kuma da sun fi samun albarkar kuɗin.

Saboda haka ina kira ga duk wanda zai je, musamman mai tafiya da iyaye ko iyali, ya yi tambaya kafin ya zaro kuɗi, domin matambayi ba ya ɓata. Ya tambaya ko akwai rawa da giya a jirgin, ko akwai bene a buɗe da tsoho zai iya hawa, da ƙarfe nawa mota za ta zo, don ya san inda magariba za ta riske shi, kuma ya nemi a nuna masa farashin jirgin daban da ladan mai jagora. Yawon yakan ɗauki kamar awa biyu, mai ciwon da ba ya jure dogon zama ko ƙarar lasifika ya yi la'akari da wannan. Haka kuma ya dubi inda aka ajiye rigunan kariya daga nutsewa, kada ya ji kunyar tambaya, domin a watan Yulin 2015 wani jirgin shaƙatawa ya yi karo da jirgin dakon kaya da dare a yankin Warraƙ, mutum fiye da 30 suka rasu, cikinsu har da yara. Mu da muka sha jimamin kifewar jirgi a Bagwai a 2021 ba mu da uzurin yin sakaci da ruwa. Kamfanonin shirya tafiye-tafiye na Kano da Kaduna da Abuja da ke sanya wannan yawo cikin tsarinsu su ma ya kamata su rubuta abin da ke cikinsa ɓaro-ɓaro, wanda ya ga zai iya ya je da saninsa, wanda ba zai iya ba a nema masa wani.

Kuma wanin yana nan, ya ma fi araha. Kwana biyu kafin mu dawo, Hajiya da kanta ta ce tana son ta sake ganin kogin, sai muka je gaɓa bayan la'asar muka yi ciniki da wani dattijo mai faluka, ƙaramin jirgin katako da iska ke turawa da wani dogon farin ƙyalle, babu inji babu lasifika. Mu uku ne kawai da shi da yaronsa, muka tafi da dabino da gurasa da gorar zoɓo. Ya sassauta igiya muka lula tsakiyar ruwa, ba abin da ake ji sai ƙarar ruwa a jikin katako, Hajiya ta sunkuya ta ɗebo da tafin hannunta ta shafa a fuska. Da rana ta faɗi ta bayan Giza, ladanan gaɓar gabas suka fara kira, na yamma suka amsa, dattijon ya juya akalar jirgin ya mai da mu bakin tudu, ya nuna mana wani ɗan masallaci a tsallaken titi inda muka samu jam'i.

Na gode da ba ni fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka, ya ba marasa lafiyarmu da ke can da na gida sauƙi.

Wassalam,
Mai karatunku daga Katsina.