A Fitar Da Wasannin Damagaram Zuwa Unguwanni

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili mu yi magana kan abin da ke damun masu shirya wasanni a Damagaram: a haɗa wasa mai kyau, a tarar da kujeru babu kowa. Ba ƙin al'ada mutanenmu suke yi ba. Duk wanda ya ga cikar filin kokawa na Langa-Langa, ko taron ƙofar fadar Sultan ranar hawan Sallah, ya san haka. Garin da ya raini wasan kara da hawan ƙaho da wasan kwaikwayon Yazi Dogo ba ya rasa ƴan kallo. Hanyar gayyatar ce ta lalace.

Babban kuskure shi ne takardar sanarwa da Faransanci, a manna ta a ƙofar gidan al'adu na Abdussalam Adam, a ce an sanar. Wa ya karanta? Sai wanda dama can yake zuwa. Sanarwa a yi ta da Hausa, a fara kwana 10 kafin ranar. A kai wa masu unguwa tun farko, domin su ke buɗe ƙofar gidaje. A saka a rediyo safe da dare a kwana 3 na ƙarshe, a tura saƙon murya na WhatsApp da bai wuce minti ɗaya ba, mai faɗin wuri da lokaci da kuɗin shiga. Ranar Alhamis mai shela ya zagaya kasuwar Dole da lasifika. Samarin fada, wato majalisun hira na unguwanni, su kuma kada a tsaya ga gayyatarsu, a ba su aikin jera kujeru da tsaron ƙofa, su da kansu za su kawo abokansu.

Sai lokaci, inda aka fi yin asara. Wasan da aka sa ƙarfe 4 aka fara ƙarfe 6, magariba za ta raba shi biyu, kuma wanda ya tafi salla da wuya ya dawo. Ko dai a fara daidai bayan la'asar a gama kafin kiran magariba, ko a bari sai bayan isha'i. Mata sun fi samun fita da yamma, saboda haka wasan da ake son su halarta a yi shi da la'asar, a ware musu gefe da tabarmi da randar ruwa. In babu wannan, maigida ba zai bari ba, kuma da gaskiyarsa. Manyan taruka a ajiye su tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Zafin Afrilu da Mayu ba ya barin kowa zama.

A tanadi janareta da mai lita 5, a gwada lasifika awa ɗaya kafin farawa. Kuɗin shiga kada ya wuce dala 20, wato sefa 100, yara kyauta, mai karɓa ya zo da canji.

Ga roƙonmu ga ma'aikatar magajin gari: an gyara wurare lokacin Zinder Sabuwa, shirin gyaran gari na bikin ranar Jamhuriya, a 2018, amma gini ba ya kiran mutane. A fitar da jadawalin wata uku, wasa ɗaya kowace Asabar, yana zagayawa daga Birni zuwa Zango, Garin Malam da Kara-Kara. Dukawa da majema su baje kayansu a gefen fili ba tare da biyan kuɗin wuri ba, makaɗan unguwar da aka je su buɗe taro kafin baƙi su hau.

Wassalam.

Wasu masu shirya wasanni,
Damagaram