Ƙofar da ka buɗe wa kanka a intanet, wani ma yana ganinta

Assalamu alaikum Edita,

Na karanta rubutun da kuka buga kwanaki kan ƙananan na'urorin nan da ake haɗawa da intanet, su kamara da injin ruwa da makunnin wuta da mutum zai sarrafa daga wayarsa ko yana wata ƙasa. Rubutun ya yi ma'ana, amma gaskiya an yi tuya an manta da albasa, ni kuma sana'ata kenan haɗa wa mutane irin kayan nan shi ya sa na ce bari in sa baki.

Daɗin abin kam ba a magana, kana kwance ka ga tankinka ya cika ka kashe injin da yatsa ɗaya. Matsalar ita ce yadda ake buɗe hanyar. Da yawa masu haɗawa sai su shiga rawuta, akwatin nan da ke raba intanet a gida, su buɗe ƙofa kai tsaye zuwa kamarar, su bar fasuwod ɗin da ya zo da ita daga kamfani, admin admin ko 12345, su karɓi kuɗinsu su ƙara gaba. Wani ya taɓa kirana wai kamararsa tana nauyi kuma data na ƙarewa ba gaira ba dalili, da na buɗe rajistar masu neman shiga wallahi sai da na riƙe baki, layi bayan layi ana gwada sunayen shiga, root, admin, root, daga adireshi kala kala dare da rana. Shi yana ta tambaya wa ya tsane shi haka. Na ce masa ba wanda ya ma san da kai, manhajoji ne ke zagaye intanet gaba ɗaya suna taɓa kowace ƙofa, wadda ta buɗe su shige.

Kuma ba yau aka fara ba. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan kamarori da rawutoci da jerin fasuwod kusan 60 kacal, irin na kamfani da ba a canza ba. Ranar 21 ga Oktoba na shekarar aka tura su suka yi wa kamfanin Dyn a Amurka, wanda ke nuna wa masu shiga intanet hanyar zuwa manyan shafuka, taron dangi, Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa ga mutane da yawa, masu kamarorin kuwa ba su ma san da kayansu ake yaƙin ba. Akwai ma shafin Shodan da aikinsa kawai lissafa na'urorin da ke tsaye tsirara a intanet. Ingila dai ta gaji, tun Afrilun 2024 doka ta hana sayar da irin kayan nan da fasuwod na kowa da kowa.

Toh mafita ba wuya. A canza fasuwod ranar farko, a kashe Telnet (tsohuwar hanyar ba na'ura umarni daga nesa) da UPnP (saitin da ke barin na'ura ta buɗe wa kanta ƙofa a rawuta), kar a buɗe ƙofa a rawuta. In dole sai ka shiga daga nesa ka bi ta VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya mai tsaro, irin manhajar WireGuard, ko na'urar ita ta riƙa kiran saba (babbar kwamfutar da ke karɓar saƙonninta) da kanta kamar yadda ake yi da tsarin aika saƙo na MQTT, kaga ba ƙofar da ke jiran baƙo kenan. Sai afdet, wato sabunta manhajar na'urar, a riƙa yi, amma in na'urorin da yawa a gwada a guda ɗaya tukuna. Ni kaina na taɓa canza saitin netwok na wata na'ura daga nesa na rufe kaina a waje, ba yadda na iya sai da na yi tafiyar yini guda don kawai in danna maɓalli ɗaya.

Wani abin kuma da ba a faɗa wa mai saye, in kamfanin ya kashe sabarsa fa? Kamfanin Nest sun kashe sabar Revolv, akwatin sarrafa kayan gida, a 2016, akwatin ya koma kwali a hannun waɗanda suka saya, masu kayan kamfanin Insteon ma sun wayi gari a 2022 manhajar ta daina amsawa. Don Allah Edita in wakilinku zai sake zama da masu sayar da kayan nan ya tambaye su, shekara nawa za su yi suna turo afdet, kuma in intanet ya ɗauke fitilar za ta kunnu da hannu ko kuwa?

Na gode.
Naku, mai haɗa kamara da na'urori