A riƙa ba masu aikin ƙashin baya takardar ƙarfen da aka sa musu

Assalamu alaikum Edita. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana da masu shirin yin aikin ƙashin baya, a nan Kano ne ko Indiya ko Masar, domin akwai abin da majinyaci ba ya sani sai ranar da aka tura shi hoton MRI.

Kusoshi da sandunan da ake ɗaure baya da su ba iri ɗaya ba ne. Ita na'urar MRI da maganaɗisu take aiki, to ƙarfe yana hargitsa shi, sai hoton ya fito da wani baƙin tabo, gefensa fari fat, ƙashin kamar an murɗe shi, kuma abin haushin daidai wajen laka da jijiyoyin da likita yake son gani ne tabon yake zama. Ƙarfen nan mara tsatsa shi ya fi ɓata hoto, na kobal ma yana ɓatawa sosai, titaniyam kam da sauƙi. Akwai kuma wata roba mai ƙarfi da ake kira PEEK wadda kusan ba ta taɓa hoton, amma kusoshin da ake yi da ita haɗe da zaren kabon, kuɗinsu ba na talaka ba ne.

Wani abin kuma, mutanenmu suna ɗauka babbar na'ura ta fi, alhali mai ƙarfe a baya tabon ya fi girma a na'ura mai Tesla 3 fiye da mai Tesla 1.5 (Tesla shi ne ma'aunin ƙarfin maganaɗisun na'urar).

Yayata a waje aka yi mata aiki, da ƙafarta ta fara sagewa aka ce a yi hoto, mai ɗauka ya ce Hajiya wane ƙarfe ne a jikinki, ta ce wallahi ita dai an ce ƙarfe. Muka zazzage jakar takardu kaf, rasit ne kawai da sunayen magunguna. Bawan Allah ya ƙi sa ta a na'ura sai an tabbatar, kuma gaskiyarsa ne, muka yi ta bin asibitin can ta WhatsApp tana kwance.

Roƙona ga likitocinmu, duk wanda aka sa wa ƙarfe a rubuta masa sunan ƙarfen da kamfanin da ya ƙera a kati kafin sallama. Masu fita waje kuma ku karɓo tun kuna can, ku ɗauke shi a waya, don idan an dawo gida samun asibitin can a waya aiki ne.

Naku mai karatu,
daga Gwammaja, Kano