Roƙon Tallafi Domin Yaran da ke Aiki a Bayan Labule

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga iyayen yara, da tsofaffin ɗalibai, da masu unguwanninmu, da 'yan kasuwar da muke zaune tare, da duk wanda wannan takarda ta isa hannunsa ko ta shigo wayarsa.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu ne kwamitin iyaye da malamai na makarantar sakandaren al'umma da ke nan unguwarmu, cikin birnin Kano. Mun saba buga muku ƙofa kan rufin aji da iska ta yaye, da kujeru, da rijiyar burtsatse, kuma ba ku taɓa mayar da mu hannu rabbana ba. Allah Ya saka da alheri. Abin da ya kawo mu wannan karon daban ne, mun kuma san akwai wanda zai taɓe baki in ya ji. Tallafi muke nema wa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makaranta, musamman rukunin yaran da ba wanda yake ganin fuskarsu ranar wasa.

Duk wanda ya taɓa zuwa bikin ƙarshen shekara ya san 'yan wasanmu. Ya san yaron da ke fitowa a sarki, da yarinyar da ke fitowa a uwar miji har mata su riƙe ciki don dariya. Waɗannan ba su da matsala, tafi suke sha, wani lokacin har da liƙi. Amma a bayan kowane ɗayansu akwai wasu yaran da suka riga kowa zuwa, kuma su ne ƙarshen tafiya. Su ne masu sharar zaure da jera benci, masu ɗaga katako, masu jan labule, masu ɗinke rigar da ta yage ana saura kaɗan a fito, masu ja wa lasifika waya. Akwai mai tuni, wanda ke tsugune a gefen dandamali da takardar wasan a cinyarsa, yana bin kowace kalma da yatsa, in ɗan wasa ya ɗauke wuta ya raɗa masa farkon layin yadda 'yan kallo ba za su ji ba. Akwai kuma mai kula da dandamali, wanda a bana yarinya ce 'yar aji biyar. Littafi take riƙe da shi, ta rubuta wanda zai shiga ta dama da wanda zai fita ta hagu, da inda za a ajiye tabarma, da lokacin da za a rage haske. In ta ɗaga hannu, har malamin da ke kula da ƙungiyar shiru yake yi.

Da yawa daga cikin yaran nan masu kunya ne, irin waɗanda malami zai shekara yana koyarwa bai san muryarsu ba. Wasunsu kuma takarda ba ta cika karɓarsu ba, amma a ba su guduma da zarto a ga ikon Allah.

Ga kaɗan daga dabarunsu. In wasa ya buƙaci tsawa, guntun kwanon rufi suke ratayewa da igiya, ɗaya ya kama ƙasansa ya girgiza. Ruwan sama kuwa gero ne ake zubawa a faranti a hankali, kusa da makirufo, mai zubawa ya san lokacin da zai mai da shi yayyafi da lokacin da zai mai da shi kamar da bakin ƙwarya. Sukuwar doki ƙoƙo biyu ne ake kifawa a kan benci. Furfura hoda ce da ɗan toka, gemu auduga ce da aka ɗinka a kan zare, tamoji kuma gawayi ne a goshi. A wasan bara sun gina ƙofar gari da kwali da buhun siminti da jar ƙasa, har da zanko a samanta, wani dattijo daga cikinmu ya ce sai ka rantse Ƙofar Na'isa ce kafin a sake gina ta. Washegari ruwa ya shigo ta tagar sito ya mai da ita kunu. Yaran ba su ce komai ba, suka kwashe suka zubar.

To a nan roƙonmu yake. Basira akwai ta, kayan aiki ne babu, kuma wasu daga cikin abubuwan da suke lallaɓawa da su sun fara ba mu tsoro.

Wutar lantarki ce ta fi damun mu. Fitilun da muke da su tsofaffi ne masu ƙwan halojin, kowace tana jan wat 500. Huɗu ne, wato wat 2,000 ke nan kafin a kunna lasifika ko fanka. Ƙaramin janaretan da wani bawan Allah ke ara mana ba ya iya ɗaukar wannan nauyi, sai ya yi ta shaƙewa, haske na sama yana ƙasa. In an yi hayar babba, kuɗin mai kaɗai ya cinye abin da aka tara a ƙofa, tun ma ba daga watan Mayun 2023 ba da aka janye tallafin man fetur. Fitilun kuma zafi gare su, ba a taɓa su da hannu, kuma tazararsu da labule ba ta kai kamu biyu ba. Wayoyin da ke kai musu wuta guntaye ne da aka yi ta haɗawa, wani wurin an naɗe da salatif, wani wurin da leda. A ƙasa suke shimfiɗe, ta nan yara ke wucewa a guje cikin duhu, wasu ba takalmi. Wani mai gyaran wuta daga cikin iyaye ya zo ya duba, ya ce shi dai ba zai bar ɗansa ya taka wurin ba. Tun daga ranar kwamiti ya hana kunna su. Yanzu da rana ake gwaji, tagogi a buɗe.

Maganin ba mai wuya ba ne. Fitilar LED mai wat 50 tana ba da hasken da ya kusa na waccan, ba ta kuma zafi irin nata. Guda takwas wat 400 ne kacal, abin da batir da inbata za su riƙe har a tashi, ba hayaƙi, ba ƙarar injin da ke sa 'yan wasa su yi ta ihu don a ji su a bencin baya. Muna son a ja sabuwar waya ta cikin bututu, ta bi bango, a sa akwatin fis da makunnai a wuri ɗaya inda yaro ɗaya zai zauna ya sarrafa su a gaban malami. Muna kuma son tukunyar kashe gobara ko da biyu ce. In ba a samu komai ba sai kuɗin wannan, mun gode Allah, sauran za su iya jira.

Mun san tambayar da ke zukatan wasu, domin a cikin kwamitin ma an yi ta, kuma an yi ta da zafi. Me ya sa za a kashe kuɗi kan wasa, alhali ga ajin da babu silin? Shin ba hanyar lalacewar tarbiyya ba ce? Tambaya ce ta gaskiya, ba ma raina mai yin ta. Game da silin, asusun gyaran azuzuwa daban yake, ko sisi ba za a ɗauka daga can ba, shi ya sa ma muka fito da wannan roƙo shi kaɗai. Game da tarbiyya kuwa, ga tsarin da ake bi: duk wasan da za a yi sai malamin Hausa da malamin addini sun karanta shi daga farko har ƙarshe. Babu rawa tsakanin maza da mata. Ɗakin canza kaya na 'yan mata daban, kuma malama ce ke tsaye a ƙofarsa. Ana tashi gwaji kafin magariba, ba a yi a makon jarrabawa, wanda sakamakonsa ya faɗi kuma ana dakatar da shi sai ya gyara. Ƙofa a buɗe take ga duk uba ko uwar da ke son zuwa ranar gwaji su zauna su gani da idonsu.

Kuma a gaskiya kwaikwayo ba baƙo ba ne a garin nan. Duk wanda ya tashi a cikin badala ya yi tashe ko ya bi 'yan tashe daga goma ga azumi, da gemun auduga da cikin tsumma, ya kuma ji labarin Nalako, sarkin gwagwaren Kano. Marigayi Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna yake rubuta wasanni yana faɗa wa jama'a gaskiya da su, ba wanda zai ce masa mara tarbiyya. Ƙungiyoyin wasan daɓe na unguwanni su suka ciyar da gidan talabijin na CTV 67, wanda yanzu ake kira ARTV, kuma ɗaya daga cikinsu, Tumbin Giwa, ita ta fitar da Turmin Danya a 1990, fim ɗin da ake lissafa shi a matsayin mafarin sana'ar da yau take ciyar da gidaje masu yawa. Jami'ar Bayero na da sashe guda na nazarin wasan kwaikwayo. Ba muna cewa yaranmu su tafi fim ba ne, wannan tsakanin kowane yaro ne da iyayensa. Abin da muka gani dai shi ne, yaron da ya koyi auna katako ya yanka daidai, ko ya gane bambancin waya mai wuta da ta dawowa, ko yarinyar da ta iya rage wa babbar riga tsawo ba tare da ta yanke ta ba, sun riƙe abin da zai amfane su ko da ba su sake taka dandamali ba. Akwai tsofaffin 'yan rukunin nan da yanzu suke koyon aiki a shagunan kafintoci da na masu haɗa sola.

Sauran buƙatun, da yawansu ba sai da kuɗi ba. 'Yan uwanmu na Kantin Kwari, labulenmu zannuwan gado ne da aka haɗa, haske na ratsa shi, 'yan kallo na ganin inuwar masu sauya kaya. Yadi muke so mai kauri, baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu, ko da ragowar bandir ne da ya kwanta a shago. 'Yan katako na Na'ibawa, muna buƙatar filawud mai ƙafa 8 da ƙafa 4, da katakon yin firam, don a yi bangayen da za a riƙa yi wa fenti ana sake amfani da su, gefe ɗaya zauren mai unguwa, a juya shi ya zama ɗakin asibiti. Mutanen Ƙofar Ruwa, bututun ƙarfe na rataye labule da fitilu, da ƙusa, da hinjis, da tsani mai ƙafa biyu, domin yanzu benci ake ɗorawa a kan tebur yaro ya hau. Masu kayan wuta na kasuwar Sabon Gari, kun ji bayanin fitilu da waya a sama. Kafinta ko tela ko mai walda da ba shi da abin bayarwa, in ya ba mu yammacin Asabar ɗaya ya zo ya nuna wa yara yadda ake yi, a wurinmu ya ba da babban abu.

Iyaye mata, ku muka fi sa wa rai kan sutura. A duba ƙasan adaka. Tsohuwar babbar riga da Alhaji ya daina sawa, rawani, kufta, malafa, zanen saƙi, tsohon mayafi, fanteka, tasa, fitilar ƙwai, akushi, duk abin da yara ke cewa na zamanin da ne, wurinmu sabo ne. Yanzu aro ake yi gida gida, kuma ba ma jin daɗin mayar wa mutum rigarsa da hoda a wuya. Sai dai kayan za su buƙaci ma'aji, don gara da ɓera sun riga sun cinye mana rabin abin da aka tara a baya. Akwatunan ƙarfe masu kwaɗo muke nema, da wanda zai sa wa tagar siton gilashi.

Ba mu rubuta farashi a nan ba saboda kowa ya san yadda kasuwa take, abin da aka taya yau ba shi ne na jibi ba. Cikakken ƙiyasi yana manne a allon sanarwa na ofishin shugaban makaranta, ana sabunta shi, kuma lambar asusun kwamiti tana jikinsa. Asusun sai da sa hannun mutum biyu ake cire kuɗi, ɗaya daga iyaye, ɗaya daga malamai. Duk wanda ya kawo kuɗi ko kaya a ba shi rasit, in ba a ba shi ba ya tambaya. Ba mu aiki kowane yaro da kati ko kwano ya bi gidaje ba, ba mu kuma wakilta kowa ya karɓa a madadinmu a kasuwa ba, duk wanda ya zo muku da haka ku kira ofis. Wanda ba ya son a ambaci sunansa ya faɗa wa ma'aji, za a rubuta "wani bawan Allah". Za a karanta abin da ya shigo da abin da aka kashe a taron iyaye na ƙarshen zango.

Wata alfarma ɗaya. Akan samu mai alheri ya ce shi kofi zai saya a ba gwarzon ɗan wasa, ko ya ɗinka wa mai fitowa a sarki alkyabba. Mun gode, amma a wannan karon a taimaka a bar mu mu sa kuɗin a waya da fis. Muna so a gama aikin wutar kafin hunturu ya shigo, lokacin da komai ya bushe kuma gobara ta fi yawa, sannan a ɗora labule da bangaye a hutun da zai biyo baya, don yara su samu zango guda suna gwaji da su kafin bikin ƙarshen shekara. Ranar bikin kuma, bayan an rufe labule, za mu kira 'yan bayan fage su fito gaba da sunayensu, abin da ba a taɓa yi ba a makarantar nan.

Ofis a buɗe yake daga Litinin zuwa Alhamis har a tashi makaranta, ranar Juma'a kuma kafin a tafi masallaci. Mai kaya masu nauyi ya aiko da saƙo, za mu turo a-daidaita-sahu ta ɗauka.

Allah Ya sa a mizani, Ya mayar muku da ninkin abin da kuka bayar, Ya shirya mana zuri'a baki ɗaya. Amin.

Wassalamu alaikum.

Kwamitin Iyaye da Malamai