Ba dako kaɗai ya kai iyayenmu Bama ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa, na rubuto ne a kan shirinku na tarihi na daren Lahadi, kuma ba zan ɓoye maka ba, raina a ɓace yake. Tun da baƙon da kuka gayyato ya ce wai 'yan Afirkan da aka kai Bama yawancinsu dako suka yi wa Turawa, na kasa zaune na kasa tsaye. Sau biyar ina buga lambar da kuke bayarwa, ba ta shiga ba. Mai gabatarwa kuwa bai tanka masa ba, sai ma ya ce "haka ne, Malam," ya wuce tambaya ta gaba. Minti arba'in ana maganar sansanin White City, wato Farin Birni, da sojojin Birtaniya suka kafa a Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, an ambaci Janar Wingate, an ambaci Birgediya Calvert, an yabi Gurkawan Nepal, amma ba wanda ya tuna da bataliya ta 7 da ta 12 ta Rundunar Najeriya, waɗanda suka yi yaƙi a cikin sansanin nan da kewayensa.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana cikin ta 12. Da kunnena na ji labarin nan, ba sau ɗaya ba ba sau goma ba, a zauren gidanmu bayan sallar isha'i.

Bayanin da baƙonku ya yi na dabarar Wingate daidai ne, ban musa masa ba. A watan Maris na 1944 aka sauke sojoji da jiragen sama can bayan Japanawa, a tsakiyar daji, suka datse layin dogo da hanyar mota da ke kai wa Japanawan arewacin Bama abinci da harsashi. Suka haƙa ramuka a kan tuddai kusa da garin Maulu, suka kewaye wurin da waya mai ƙaya da nakiyoyi, komai nasu daga sama ake jefo musu. Wasu su zauna a ciki, wasu su riƙa yawo a dajin waje, in abokan gaba sun taru a bakin waya sai a far musu ta baya. To, Malam Edita, su wa aka zaunar a cikin? Abin da baƙonku ya tsallake ke nan. An ciro birged ta 3 ta Afirka ta Yamma, bataliya uku, ta 6 da ta 7 da ta 12, dukansu na Najeriya, musamman don tsaron irin waɗannan sansanoni. Ta 6 aka ajiye a sansanin Aberdeen. Baba yakan ce su ne tsokar da aka rataya wa kura, aikinsu su tsaya a inda aka sa su har kurar ta zo. Wannan shi ne dako?

Wingate bai ma ga yadda ta kaya ba, ya mutu a haɗarin jirgin sama ranar 24 ga Maris. Daga 6 ga Afrilu Japanawa suka matsa wa sansanin lamba, kusan kullum dare har wajen mako biyu. Baba ya ce da la'asar ake fara yi musu ruwan igwa, da duhu ya shiga sai ka ji ihu daga cikin daji, su taho a guje su afka wa waya, bindiga mai jigida tana zubar da su, na baya suna taka na gaba. Gari na wayewa sai ka ga mutane rataye a jikin waya, ba mai iya zuwa ya ɗauke su saboda nakiya. Rana ta buga su kwana da kwanaki. Har farar ƙasa aka jefo daga jirgi a zuba musu, aka ƙona wasu, warin bai tafi ba. Mu dai mun tashi mun tarar ba a babbaka a gidanmu. Ran babbar salla kai da ƙafafun ragonmu maƙwabta ake kai wa, domin Baba na jin ƙaurin gashi sai ya bar gidan, ba ya dawowa sai dare. Muna yara muna zaton tsantseni ne kawai irin na tsofaffi. Sai da na yi aure ya gaya mini dalili.

Kuma sunan nan da baƙonku ya riƙa maimaitawa yana jin daɗi, wai Farin Birni, saboda fararen laimomin jefo kaya da suka maƙale a kan itatuwa. Su Baba ba birni suka gani ba. Ya ce ranar da suka iso ya ɗaga kai ya gan su suna lilo, sai wani kofur ɗan Katsina da ke kusa da shi ya ce, "Ga likkafaninmu an riga an shanya." Haka kuwa aka yi, da ƙyallen laimar suka naɗe wasu daga cikin 'yan'uwansu, suka yi musu salla a gurguje a tsugune, domin duk wanda ya miƙe tsaye harsashi na jiransa. Kofur ɗin nan yana cikin waɗanda aka naɗe. Baba bai daina sa shi a addu'a ba har ya koma ga Allah.

Ban ce ba a yi dako ba. An yi, a runduna ta 81 da ta 82 a yankin Arakan akwai dubban mutanenmu da suka ɗauki kaya a ka inda mota ba ta shiga, har tambarin runduna ta 82 ma mashi biyu ne a kan gammo. Ba abin kunya ba ne, ba don su ba da yunwa ta kashe masu bindigar. Amma a tattara kowa da kowa a ce 'yan dako ne, a gidan rediyon da ke magana da Hausa, harshen da hafsoshin Turawa suka koya dole don su ba waɗannan sojoji umarni, wannan cin fuska ne. In Bature ya manta da mu a littafinsa, mun saba. Ku fa?

Abin da ya fi ci wa Baba rai shi ne bayan duk wannan, a farkon watan Mayu aka ce su tattara su bar wurin, aka kwashe igwa da jirgin Dakota cikin dare, suka fice a ƙafa suka nufi arewa damina na shigowa. Yakan ce ba a kore su ba, umarni aka ba su, kuma yana so a san bambancin. Sabon sansanin da aka kafa a arewa, Blackpool, bai ma kai ƙarshen watan ba Japanawa suka ci shi.

Ga barikin Chindit nan a Zariya inda ake horar da kurata, ga Dalet da Kalapanzin a Kaduna, ga Dodan a Legas, duk daga yaƙin Bama sunayen suka fito. Yaranmu suna wucewa ta ƙofarsu kullum ba su san mafarin sunan ba, ga shi ku da ya kamata ku gaya musu kun ƙara ɓatar da su.

  

Ina roƙon ku dawo da baƙon nan ya gyara maganarsa a kan iska, a lokacin da ya yi ta, ba a ƙarshen labarai ba. Ku nemi iyalan mazan jiya, suna nan a Zariya da Kano da Sakkwato da Bauci. Lambar yabon Baba, Tauraron Bama, tana wurina tare da takardar sallamarsa, in kuna so in kawo muku har ofis ku gani.

Wassalam.

Mai sauraronku daga Tudun Wada, Zariya.