Kada a Sayar da Kalangun Baba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, kai da iyali duka. Yaya jikin Inna? Ka ce mata kullum tana raina. Ni lafiya lau, sai sanyi, shi ma an saba. Ciwon bayan nan ya yi sauƙi, kada ka ɗaga mata hankali a kansa.

Na ba Alhajin nan namu Yuro 200, zai neme ka ranar Alhamis in Allah ya yarda. A kuɗinmu jika 131 ke nan da ƴan canji. Jika 60 hatsi. Jika 30 maganin hawan jinin Inna, a saya gaba ɗaya, kada a tsinka. Jika 25 ka biya bashin Auta, amma hannu da hannu kai da mai kuɗin, kada ka danƙa wa yaron ko dala. Sauran 16 zan zo kansu.

Ga abin da ya hana ni barci. Ɗan Gwaggo ya aiko mini da murya ta WhatsApp, wai Auta ya sauke kalangun Baba daga inda yake rataye, har ya kai shi kasuwar Dole an taya. Gaskiya ne? Kana garin aka yi haka? Na san abin da za ka ce, ba ni da bakin magana a kan kalangun nan. Ni na tura shi ƙarƙashin gado ranar da ƴan ajinmu suka zo gida. A nan Faris ma shekara shida, duk wanda ya tambayi sana'ar ubana sai in ce ɗan kasuwa ne. Allah ya yafe mini. Amma ka bari in kai ƙarshe.

Inda nake aiki yanzu gidan kiɗa ne. Ina jera wa makaɗa kujeru da abin ɗora takardunsu, in an tashi in kwashe in share. Makon jiya suka yi kwana uku suna gwajin wani kiɗa da ake kira Boléro. Wani Bafaranshe, Maurice Ravel, ya tsara shi a 1928, wata mai rawa ƴar Rasha, Ida Rubinstein, ita ta sa shi, aka fara yi a gidan Opera na garin nan. A takardun da baƙi ke yarwa ƙasa na karanta. Ranar farko ina riƙe da tsintsiya na ɗauka kuskure suke yi suna komawa farko. Ashe haka abin yake.

Wata ƴar ganga ce ke farawa, irin ta faretin soja, a hankali ƙwarai, sai ka kasa kunne kafin ka ji. Sai sarewa ta ɗora wani amo mai lanƙwasa. Ta gama, wani abin busa ya karɓa ya maimaita shi sak. Amon nan iri biyu ne kacal, ana ta miƙa su daga hannu zuwa hannu har sau 18, yanzu a bakin wani abu mai muryar algaita, an jima a bakin wani ƙahon tagulla mai zamewa kamar ɗan maye, can sai masu goge su taso gaba ɗaya. Ba a ƙara sauri ko kaɗan, ƙarfi kawai ake ƙarawa, kamar ruwan da ya faro da yayyafi. Kusan minti 15 ana haka. Gangar nan kuwa tana gindi, bugu iri ɗaya, ba ta tsaya ba ko na ƙiftawar ido.

Ni na ajiye wa mai gangar kujerarsa, a tsakiyar jama'a. Dattijo ne mai furfura. Na gan shi yana murza tafin hannunsa yana hura musu iska kafin ya ɗauki sandunan. Da aka tashi na yi ƙarfin hali na ce masa, bai gaji ba? Ya yi dariya ya ce sau 169 yake maimaita bugun nan, kuma ƙarshen ba ya ba shi tsoro. Farkon ne abin tsoro, lokacin da ɗaki ya yi tsit, in hannunka ya yi rawa kowa zai ji. Ya ce shi Ravel ɗin har saɓani suka yi da wani babban jagoran makaɗa ɗan Italiya, Toscanini, a 1930, don Toscanini ya ja kiɗan da gudu.

Yaya, a take na ga Baba. Na gan shi a bakin mahauta tun hantsi, kalangu a hammata, yana matsa tsirkiya yana saki, bugu ɗaya har rana ta take, mu kuma muna cewa wai bai iya komai ba sai abu guda. Ka tuna ranar sunan gidan Kawu da ka ƙara sauri a ƴar gangarka, ya juyo ya zuba maka ido kawai bai fasa kiɗa ba? Ban san lokacin da na ce wa dattijon nan ubana ma makaɗi ne ba. Karo na farko ke nan a ƙasar nan. Ya miƙo mini hannu muka gaisa, ya sa na kwatanta masa yadda ake sa kalangu ya yi magana.

Daren da aka yi wa jama'a, ina tsaye a bayan ƙofar gefe. Kujera ɗaya a gaba ta fi abin da nake samu a yini, ni kuwa na ji kyauta, sau huɗu ma. Dab da ƙarshe kiɗan ya yi wani tsalle ya sauya murya, kamar an wangale ƙofar ɗaki mai duhu, tsikar jikina ta tashi, sai komai ya rushe lokaci guda. Da aka fara tafi, mai gangar nan jagoran ya fara nunawa ya miƙe. Manyan mutane da kwat suna ta yi masa ihu. Na shige ɗakin ajiye kujeru na yi kukan da ban samu yi ba a kan kabarin Baba. Wannan tsakaninmu ne, kada Inna ta ji.

To, jika 16 ɗin nan na kalangu ne. In har an sayar, ka bi sawu ka fanso shi ko nawa ne, ka gaya mini zan cika. In yana nan, ka kai wa Kawu ya sake masa fata da tsirkiya. Ban yarda a sayar ba, ko wa ya taya. Ka faɗa wa Auta haka da bakina, ka kuma ce masa a sanyin nan nake neman kuɗin da yake wasa da su. In kiɗan yake so, ya je wurin Kawu da yamma, amma ranar da ya bar makaranta ranar zan rufe hannuna.

Takarduna ba su fito ba tukuna, saboda haka maganar zuwa sallah a bar ta. Ka gaida Gwaggo da mutanen Birni. Kuɗin Auta da hannunka, na sake faɗa. In ka karɓo kalangun ka ɗauko mini hotonsa ta kowane gefe, dattijon nan ya ce yana son gani.

Ƙaninka.